Yadda Sankarar Mama Ke Yi Wa Magani Wayo

(An rubuto daga laccar da wata likita ta gabatar wa ɗaliban aikin jinya a Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, da ku ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

Sankarar mama iri-iri ce. A cikin mata biyar ko shida masu ita, kusan ɗaya ce ke da irin da muke kira mai HER2, wato ƙwayoyin ciwon sun cika bayansu da wani furotin da ke ingiza su su yi ta hayayyafa. Likita Dennis Slamon a Amurka ya nuna haɗarin wannan a 1987, kuma a 1998 aka amince da maganinsa, trastuzumab, wanda kuka fi sani da Herceptin. Sojan garkuwar jiki ne da aka ƙera a ɗakin gwaji, aikinsa ya nemo HER2 ya cafke.

To, me ya sa wata ke samun sauƙi, wata kuma maganin ya daina yi mata aiki? Dalilan suna da yawa, ɗaya zan ɗauka yau.

Ƙwayar ciwon tana fesar da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunsoshi cikin jini, ana ce musu eksosom. Girmansu nanomita 30 zuwa 150 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsu. Da can shara aka ɗauke su. Ashe saƙo suke kaiwa, kuma wasunsu sanye suke da rigar HER2.

Wanda ya taɓa zuwa Matan Fada a Argungu zai gane. Masunci ya faɗa ruwa don giwan ruwa, sai ƙananan kifaye suka cika masa koma, babban ya sulale. A 2012 masu bincike a Milan ta Italiya suka nuna haka: ƙunsoshin suna kama trastuzumab a hanya, sai maganin da zai isa ga ƙarin sankarar ya ragu.

Maganin ma ba ya barinsu yadda suke, yana sauya kayan da ke cikinsu. Wannan ɓangaren ya fi burge ni, don watakila wata rana a ɗebi jini kawai a gane ko maganin na ci. Amma kada ku je ku ce an fara, har yanzu bincike ne.

Abin da ke hannunmu yau shi ne gwajin tsokar da aka ciro daga ƙarin. Wallahi ba na son in ga an sayar da gona an sayi allurar nan mai tsada alhali ba a tabbatar matar na da HER2 ba. Ƙanwata ta can baya, na ga hannunki, bismillah.