Bod ɗin da na zaɓa wa ƙanina na Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Low Yat, kasuwar kayan kwamfuta da wayoyi da ke Bukit Bintang, nan Kuala Lumpur a Maleshiya. Ku yi haƙuri da hayaniya, Asabar ce, wurin ya cika maƙil. Abin da ya fito da ni saƙon murya ne da ƙanina ya turo daga gida jiya da dare. Ya ce, "Yaya, kwamfutar nan ta gaji, da na shiga wasa sai ta riƙa sarƙewa. Don Allah ka sayo mini sabon madabod, irin na AM5 ɗin nan mai fitilu."

Kwamfutar da yake nufi ni na haɗa ta da hannuna a 2019, a ɗakinmu na Badariya, kafin in taho karatu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 2600 ce a ciki, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, gigabait 16 na nau'in DDR4, a kan wani bod mai arha da kuɗina suka kai a lokacin. Na san ciki da bayanta, shi ya sa ban amsa masa nan take ba, sai da na kwana ina lissafi.

Ga inda gizo ke saƙar. Madabod shi ne uwar allon da komai ke hawa kansa, kuma kowane bod da irin furosesar da yake karɓa. Wurin zaman furosesa shi ake kira soket. Tamu AM4 ce, wadda kamfanin AMD ya fito da ita a 2016. AM5 da yaron ke so ta fito a 2022, kuma sabon nau'in RAM na DDR5 kaɗai take ɗauka. Ke nan in na sayi bod ɗin AM5, furosesarsa ba za ta zauna ba, RAM ɗinsa ma ba zai shiga rami ba. Ya tambayi abu ɗaya, amma abu uku ne a lissafi. Ɓangaren Intel ma haka ne, soket ɗinsu daban, sai an sake furosesa. Wanda zai fara haɗi daga tushe kuma yana da hali, zan ce ya tafi AM5, don tana da sauran gaba. Shi kuwa ƙanina wasannin FC da GTA yake bugawa a allo na 1080, ga RAM lafiyayye a hannunsa. Ban ga dalilin zubar da shi ba.

To bari in juyo da kyamara. Kun ga wannan? Bod ne samfurin B550, soket AM4, zan haɗa masa da Ryzen 5 5600, mai kwakwalwa 6, wadda ba ta da cin wuta sosai. Wani zai ce ai ko tsohon bod ɗin ana iya sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke tayar da bod, ya karɓi wannan furosesa. Gaskiya ne, da yawa suna karɓa, kuma wanda bod ɗinsa ke da ƙwari ya fara gwada hakan kafin ya kashe ko sisi. Namu dai akwai abin da ya sa na haƙura da shi.

Ku dubi nan, gefen soket, waɗannan ƙarafa biyu masu tsaga-tsaga. A ƙarƙashinsu akwai abin da ake kira VRM. Wutar da ke fitowa daga akwatin wuta bolt 12 ce, ita kuwa furosesa bolt ɗaya da ɗan wani abu take so, to VRM ne ke sauke ta, kuma yana ɗaukar zafi wajen wannan aiki. Tsohon bod ɗinmu tsirara yake a wurin, ko ɗan ƙarfen sanyaya babu. A ɗaki mai sanyi ba lallai ka ji a jikinka ba. Amma duk ɗan Kebbi ya san watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, fanka ma iska mai zafi take hurowa. Idan wurin ya yi zafi da yawa, bod da kansa yake rage wa furosesa gudu don kada ya ƙone. Ina kyautata zaton rabin sarƙewar da yake kuka da ita daga nan take, sauran rabin kuma ƙurar hunturu ce da ta toshe fankoki. Na ɗaga bod uku a shagon nan ina jin nauyinsu a tafin hannu, na ɗauki wanda ƙarfensa ya fi kauri, aka kuma ɗaure shi da kusoshi. Mai fitilun na ajiye shi gefe, kuɗin fitila gara su tafi kan ƙarfe.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna, ɗan maɓallin nan ne a baya kusa da ramukan USB. Da shi ake sabunta BIOS daga filash ko babu furosesa a kai. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi, Gigabyte na cewa Q-Flash Plus, ASUS na cewa BIOS Flashback. Amfaninsa gare mu babba ne, domin B550 ba a yi shi don tsohuwar 2600 ba, ba za mu dogara da ita ta tayar mana da shi ba. In bod ya isa gida da tsohon BIOS, babu shagon da yaron zai ruga a ara masa furosesa. Na roƙi mai shagon ya kunna a gabana, mun ga bod ɗin ya tashi da sabuwar furosesar, alhamdu lillahi. Duk da haka ina son maɓallin ya kasance. Kuma ƙanina, ka ji da kyau, kada ka taɓa sabunta BIOS sai kana kan inbata ko UPS. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin nan, bod na iya ƙin tashi.

Girma kuwa maikro-ATX na ɗauka, milimita 244 kowane gefe, don akwatinmu ƙarami ne, cikakken ATX mai tsawon 305 ba zai shiga ba. Yana da ramin RAM huɗu, da wurin M.2 biyu na saka ma'ajiyar bayanai, da Wi-Fi a jikinsa, tunda a gida da waya ake raba intanet, babu mai jan kebul.

Yanzu magana da kai ce kai tsaye, ƙanina. Ranar da za ka kwance tsohuwar, ka bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci tukun, man da ke tsakanin furosesa da fankarta ya yi laushi. Sannan ka murɗa fankar a hankali, hagu da dama, kada ka fizga sama. A AM4 allurai a jikin furosesa suke, guda 1331, siraran gaske, in ta biyo fanka da ƙarfi sai su lanƙwashe. Wajen saka sabuwar, ka nemi ɗan alamar kusurwa uku mai ruwan zinari a gefenta, ka daidaita da na soket, za ta faɗa da kanta ba tare da dannawa ba. Windows ma zai iya neman a sake tabbatar da lasisinsa tunda an canza bod, ka tanadi kalmar sirrin asusunka.

Wani ɗan'uwa zai sauka Kano mako mai zuwa, shi zai riƙo kayan a jakar hannu, daga can a sa a motar Birnin Kebbi. Na bar bod ɗin cikin ledarsa mai ruwan toka, na naɗe kwalin da riguna biyu. In ya iso kada ka buɗe sai bayan la'asar ɗinku, lokacin na dawo ɗaki. Ka share tebur, ka nemo sukudireba, ka kira ni ta bidiyo mu ɗaura tare. A gaida Mama.