Ta haifi tara, ta mutu a bakin hanya: littafin da ya raba kan masu karatu

Legas, shekarar 1934. Gari bai gama wayewa ba wata mata ta fito daga ɗakinta a unguwar Yaba a guje, ƙafa ba takalmi, tsakuwa na sukarta ba ta ko ji. Nono na zuba yana jiƙa mata riga, jaririn da zai sha kuwa ta baro shi a kan tabarma, rai ya yi halinsa. Satinsa huɗu a duniya. Gadar Carter ta nufa, niyyarta ta faɗa ruwa kowa ya huta.

Da haka Buchi Emecheta ta buɗe littafinta The Joys of Motherhood, wanda ya fito a Landan a 1979. Ma'anar sunan ita ce daɗin zama uwa. To jama'a, wanda ya sayi littafin saboda sunansa ya sayi kura da fatar akuya. Fiye da shekara arba'in ke nan ana karanta shi, har yau in mutum biyu suka gama, da wuya bakinsu ya zo ɗaya.

Ga labarin a gurguje, kuma ku yi haƙuri, zan fasa ƙwai har ƙarshe.

Sunan matar Nnu Ego, 'yar wani babban mutum a garin Ibuza a ƙasar Ibo. Sunan nata ma na nufin buhu ashirin na wuri, don ku san yadda uban ke ji da ita. Auren fari bai zo da haihuwa ba, aka yi mata kishiya, aka mayar da ita 'yar aikin gona, aure ya mutu. Sai aka kai ta Legas wajen Nnaife, mutumin da ba ta taɓa gani ba, gajere mai tumbi, sana'arsa wanki da guga a gidan Bature, har da kamfan uwargida. Ta raina shi tun ranar farko. Amma ta samu ciki, kuma a wurinta wannan ya wanke komai.

An tare ta a kan gadar nan, ba ta mutu ba. Ta ci gaba da haihuwa har tara, bakwai suka rayu. Tana kasa sigari da ashana, tana sayar da itace, tana ɗaure ciki don 'ya'yanta maza su yi boko. Aka kama Nnaife da ƙarfin tsiya aka kai shi yaƙin duniya na biyu, yaƙin nan na Bama da ya kwashi dubban samarin ƙasar nan, har da kakannin wasunmu a Arewa. Daga baya babban ɗa, Oshia, ya tafi Amurka karatu, ƙanensa Adim ya nufi Kanada. Wasiƙa ma ta gagara. Nnu Ego ta koma ƙauye, hankali ya soma gushewa, wani dare ta kwanta a bakin hanya tana zaton ta iso gida. Nan ta cika, ba ɗa ko ɗaya kusa da zai riƙe mata hannu.

Shi ke nan. Babu shafin da ɗa ya dawo da mota ya share wa uwa hawaye.

A nan aka rabu. Ɓangare ɗaya cewa suke wannan ai azabtar da mai karatu ne. Masifa na bin masifa, ba wurin shan iska, sai ka ce marubuciyar na gaba da matar da ta ƙirƙira da hannunta. Wasu masu sharhi, galibi maza 'yan Afirka, sun ƙara da zargi mai nauyi: wai Emecheta ta zauna a Landan tana zana namijin Afirka a matsayin rago azzalumi, don ta burge matan Turai masu fafutuka.

Ɗaya ɓangaren kuma in sun rufe littafin ba sa cewa komai sai: wannan ai kakata ce. Ko gwaggota. Ko matar nan mai ƙosai a bakin layinmu da ta yi wa yara biyar makaranta, yau ba mai leƙa ta.

Ni dai na fi karkata ga na biyun, amma na farkon ba shirme suke ba. Tsakiyar littafin na da nauyi, akwai inda za ka ji zuciyarka ta dakushe, wahalar ta daina taɓa ka saboda yawanta. Wannan aibi ne, kuma na yarda da shi.

Zargin cin mutuncin maza ne ban saya ba. Ku duba Nnaife da kyau. Baturen da yake wa wanki yana yi masa sai da safe da kiransa goggon biri, shi kuwa yana washe baki don bai san me aka ce ba. Ranar da Baturen ya tashi komawa gida, aiki ya ƙare. Ranar da sojoji suka so shi, suka ɗauke shi kamar kaza. Mutumin da aka take a waje ne yake dawowa gida ya taka na ƙasa da shi. Littafin bai wanke shi ba, amma ya nuna wanda ya fara taka shi.

Akwai wurin da nake so mu tsaya. Kusan ƙarshe an gurfanar da Nnaife a kotu, don ya ɗauki adda ya je gidan Yarbawan da ɗansu ya tafi da 'yarsa Kehinde. Aka kira Nnu Ego shaida. Lauya ya tambaye ta wa ke biyan kuɗin makarantar yara, ta ce mijinta. Da aka matsa, sai ta bayyana cewa da kuɗin cinikinta ake biya. To me ya sa ta ce shi ne? Ta amsa da zuciya ɗaya cewa ai ita mallakarsa ce, don haka abin da ta samo nasa ne. Kotu ta fashe da dariya. Ita ba ta ga abin dariya ba. Abin da aka koya mata a Ibuza ta faɗa, a garin da wannan ilimin ya daina ciwuwa. Ta biya duk abin da tsohuwar al'ada ta ce uwa ta biya, lokacin karɓar sakamako ya zo, ta tarar an canza kasuwa.

Ina ganin abin da ke ƙona ran masu ƙin littafin ke nan, ko ba su faɗa ba. Mun taso da jin mahaƙurci mawadaci, bayan wuya sai daɗi. Ko a namu adabin, dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu: an kori Rabi da 'ya'yanta tara, ta sha wuya, amma gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, mai karatu ya samu sanyi. Emecheta ta hana mu wannan sanyin. Ta ma ƙara gishiri a ciwo da Adaku, kishiyar da Nnaife ya gada daga ɗan'uwansa. Ita 'ya'ya mata kawai gare ta, aka nuna mata ba ta da daraja, ta tattara ta bar gidan tana cewa ko karuwanci ne za ta yi. Kasuwa ta karɓe ta, ta sa 'ya'yanta a makaranta, ta fi uwargida sutura da kwanciyar hankali. Wadda ta bi ƙa'ida ta tashi a tutar babu, wadda ta yi fatali da ita ta tsira. Mai karatu da yawa ba ya yafe wannan.

Kuma kada a ce marubuciyar ba ta san zafin haihuwa ba. An yi mata aure tana 'yar shekara 16, ta bi miji Landan, ya ƙona mata rubutun littafinta na farko, ta fita da yara biyar tana da shekara 22. Da su a gabanta ta yi digiri, ta yi rubutu, har ta rasu a 2017. Wannan littafin ma ga dukkan iyaye mata ta sadaukar da shi.

Saura shafin ƙarshe, inda gardamar ta fi zafi. Da labarin mutuwar ya isa, 'ya'yan suka dawo. Oshia ya ci bashi aka yi mata bikin binnewa irin wanda Ibuza ba ta taɓa gani ba, aka gina mata wurin tsafi don jikoki mata masu neman haihuwa su riƙa zuwa roƙo, bisa al'adarsu. Suka yi ta zuwa. Nnu Ego ba ta taɓa amsa wa ko ɗaya ba.

Mutanen garin suka ce muguwa ce har a kabari, an yi mata wannan gagarumin biki amma ta yi rowa. Wasu masu karatu sun bi bayansu, suna ganin ɗaci ne ya bi ta lahira. Wasu kuma suka ce a duk littafin nan ne kaɗai aka tambaye ta abu ta ce a'a.