Abin da Ke Rusa Sansani a Factorio da Oxygen Not Included

Bashir: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau hirar ta wasannin kwamfuta ce, irin waɗanda ake jefa ka wata duniyar da ɗan kayan aiki a ce gina sansani ka rayu. Malama Sadiya, mai son sayen na farko, ta ina zai fara?

Sadiya: Ya fara sanin abin da ke rusa sansani a kowane wasa, ya ga wanda zai iya jurewa. Factorio na kamfanin Wube da ke Prague, wanda ya fito cikakke a 2020, lissafi ne da wutar lantarki. Oxygen Not Included na Klei a Kanada, 2019, iska ce da zafi. RimWorld kuwa mutanenka ne: a bar su da yunwa da rashin makwanci mai kyau, wani ya birkice ya ƙi aiki.

Nura: Kuma a RimWorld yawan dukiyarka ne ke ƙara girman harin da ake kawo maka. Tara kaya ba tsaro, gayyatar ɓarayi ne.

Bashir: To Malam Nura, mai ƙaramar laftof fa?

Nura: Waɗannan ukun ba sa wahalar da katin hoto kamar Satisfactory, wanda komai nasa mai zurfin hoto ne. Factorio na da na gwaji kyauta. A Steam kuma, wato shagon sayar da wasanni na intanet, ana mayar da kuɗi idan ba ka wuce awa 2 kana wasa ba, cikin kwana 14 da saye. Amma kada a zauna jiran ragi a Factorio, masu shi ba sa yi.

Bashir: Mu shiga lissafin nan na Factorio da ke tsorata mutane.

Sadiya: Ai bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Bel ɗin farko mai jigilar kaya tsakanin injina, mai ruwan ɗorawa, yana ɗaukar kaya 15 a daƙiƙa. Injin haƙa mai lantarki ɗaya na ba da rabin ɗanyen ƙarfe a daƙiƙa, ke nan sai injin haƙa 30 kafin bel ya cika. Murhun dutse na narka guda ɗaya a daƙiƙa 3.2, don haka murhu 48 ne za su cinye bel ɗin. A jera su 24 dama, 24 hagu.

Nura: Wuta kuma, injin haƙa na cin kilowat 90, injin tururi na ba da 900. Injin tururi ɗaya, injin haƙa goma. Tukunyar tururi ɗaya tana ciyar da injin tururi biyu.

Bashir: Ina ake faɗuwa?

Nura: A kwal. Injinan da ke haƙo kwal da lantarki suke aiki, hannayen injin da ke zuba shi a tukunya ma haka. Da ka ƙara masana'anta wuta ta gaza, sai haƙar ta ragu, kwal ya ragu a bel, tururi ya ragu, wutar ta ƙara faɗi. Ka je can gefe kana gina wani abu, ka waiwayo ka ga hannayen inji na motsi kamar masu jin barci, can komai ya tsaya cik.

Sadiya: Maganinsa biyu. A bakin tukunya a sa hannun inji mai cin kwal da kansa, ba mai lantarki ba. Sannan a marabar bel a ba wa layin tashar wuta fifiko, murhu su ci ragowa.

Bashir: Hayaƙin da injinan ke fitarwa fa?

Sadiya: Shi ke tsokano ƙwarin duniyar. Buɗe taswira ka duba jan tabon gurɓata. Kafin ya taɓa sheƙarsu, bindigogin tsaro su riga su zauna a wannan ɓangaren da harsashi a ciki.

Bashir: Oxygen Not Included, wai shi ya fi yaudara.

Nura: Sosai, don kisansa a hankali yake zuwa. Kowane ma'aikaci na shaƙar giram 100 na oksijin a daƙiƙa. Da farko gansakuka ake amfani da ita wajen samar da oksijin, ita kuma ƙarewa take. Sai a koma injin raba ruwa: kilo 1 na ruwa a daƙiƙa ya ba da giram 888 na oksijin da 112 na haidirojin. Inji ɗaya, mutum takwas. Kuskuren sabon shiga shi ne karɓar kowane ma'aikaci da aka miƙo masa.

Sadiya: Ga tarkon kuma: iskar da injin ke fitarwa zafinta ba ya ƙasa da digiri 70 a ma'aunin Celsius. Shukar Mealwood, abincin farko, ba ta girma idan zafi ya haura 30. Ka warware matsalar numfashi, can gaba gona ta tsaya, ka rasa dalili.

Bashir: Sai yaya?

Sadiya: A gina injin nesa da gona, a zagaye gonar da bango mai hana zafi shiga, a riƙa kunna taswirar zafi ana dubawa. Haidirojin sama yake tashi, a tara shi a rufin ɗakin a kai wa janareta. Iskar kabon kuwa ƙasa take sauka, don haka tun farko a haƙa rami ƙarƙashin sansani, gadaje kuma a sa su a bene na sama.

Bashir: Malam Nura, cikin ukun wanne za ka miƙa wa sabon shiga?

Nura: Factorio, ya rage zafin ƙwarin a saitin taswira kafin ya fara. Idan ya gina murhu 48 ɗin nan wuta ba ta ɗauke masa ba, ya mayar da ƙwarin yadda suke.