Lacca: Haƙorin da ya karye da hular da ake sa masa

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da zuwa.

Wa ya taɓa buɗe kwalbar lemo da haƙori? To, na ga masu sunkuyar da kai. Da kwalba, da tsakuwa a cikin shinkafa, da ƙashi, da goriba, su ne suka fi kawo mana mutane da guntun haƙori a hannu.

A duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai farin ɓawon haƙori tauri, ko ƙashi bai kai shi ba. Amma ƙashi idan ya karye ana ɗorawa ya haɗe, haƙori kuwa ba ya ɗoruwa, ba ya tofowa. Guda 32 ne rabon babba, wanda ya tafi ya tafi. Shi ya sa raina yake ɓaci idan mutum ya shigo yana cewa, "Likita, cire shi kawai in huta." Ka cire, sai maƙwabtansa su fara karkatowa cikin giɓin, na sama ya sauko, tauna ta lalace. Muddin saiwar na da lafiya, hula za mu sa masa.

Ai kun ma san hular. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi, mene ne? Hula ce ta zinare ko azurfa. Bambancin kawai, wancan ado ne a kan lafiyayyen haƙori, tamu kuwa magani ce, tana rungume abin da ya saura don kada ya tsage.

Da farko sai an ɗauki hoton cikin haƙorin, wato X-ray. A tsakiyar haƙori akwai jijiya. Idan karayar ta kai gare ta, dole a kwashe ta, a wanke ramin, a cike, sannan a zo maganar hula. Wanda ya rufe ruɓa da hula ya rufe tukunya ne tana tafasa. Daga nan sai allurar kashe zafi, a feƙe haƙorin ta kowane gefe, milimita 1 zuwa 2, a ɗauki awonsa, a sa maka ta wucin gadi. Bayan kamar mako 2 ka dawo a manna ta ainihi. A wannan tsakanin, don Allah, ban da cingam da alewa mai danƙo.

Akwai ta ƙarfe, ta zinare, ta tangaran, da ta zikoniya, wato wani irin farin tangaran mai tsananin ƙarfi. Ta tangaran wani likita ne a Amurka, Charles Land, ya yi mata rajista a 1889. A 1985 kuma, a Jami'ar Zurik ta ƙasar Switzerland, aka fara sassaƙa cikon tangaran da kwamfuta majiyyaci na zaune, fasahar da yanzu ke ba da hula a yini ɗaya. Ni dai a turmi na can ciki, inda ba mai gani, na fi son ƙarfe ko zikoniya, sun fi jure tauna. A gaba kuwa tangaran, saboda murmushi.

Na'am, Hajiya? Shekara nawa take yi? Galibi 5 zuwa 15, wata ta wuce haka. Hular ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa, ta bakin dasashi inda suka haɗu. Nan za ki fi kai buroshi ko asuwaki, safe da dare. Idan kuma ta faɗo, kada ki manna ta da gam ɗin kanti. Ki wanke ta, ki ƙunshe, ki kawo mana, sau da yawa ita ɗin muke mayarwa.