Amsoshin Tambayoyinku: Data, Burauza da Link Ɗin Tallafi

To jama'a barkanmu da warhaka, saƙonni sun taru, furodusa kuma tun yanzu ya fara nuna min agogo, don haka ba dogon gaisuwa. Injiniyanmu yana nan tare da mu.

Wani ɗalibi daga Funtuwa yana tambaya wai Google shi ne intanet? A'a ɗana. Intanet shi ne haɗuwar kwamfutocin duniya, Google nemo maka abu yake a ciki, su Chrome da Opera Mini kuwa burauza ne, manhajar da kake buɗe shafi da ita.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce MB nawa ne a GB ɗaya, don nata ba ya kwana biyu. 1024 ne Hajiya, kuma ba aljanu ke sha ba, bidiyon guruf ne. Ki shiga setin ɗin WhatsApp ki hana shi sauke bidiyo da kansa.

Sai wadda ta fi yawa, daga Kano, daga Gusau, daga Azare duk magana ɗaya: an turo link a guruf wai gwamnati na rabon tallafi, a danna a cika suna da BVN, ya za a gane na gaskiya ne? Bismilla Injiniya.

Injiniya: Eh to, ai sai an koma tushe. Shi wannan www ɗin wani Bature ne ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙirƙiro shi a 1989 yana aiki a cibiyar CERN a Suwizalan, kuma mutane na zaton komai a iska yake tafiya alhali manyan wayoyi ne a ƙarƙashin teku, ku tuna watan Maris na 2024 da wasu suka katse netiwok ya rikice daga Abidjan har Legas, bankuna ma...

Allah ya ƙara ilimi Injiniya, amma mutanen nan BVN ɗinsu ake nema yau yau ɗin nan.

Injiniya: To, link adireshin shafi ne. A tsallake https:// ɗin farko, a duba sunan da ya zo kafin karkatacciyar sandar nan (/) ta farko, a ga da me ya ƙare. Shafin gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa, jami'o'i .edu.ng, Nijar kuma .ne ne nasu.

Yauwa. Bari in maimaita don mai tuƙi da mai tuƙa tuwo su ji. Ƙarshen sunan za ka duba, ba farkonsa ba, ba tsakiyarsa ba. Ɗan damfara zai iya rubuta gov da ng da tallafi duk a jere, ya manna tutar ƙasa da hoton shugaban ƙasa, amma in ka bi sunan ka ga ya ƙare da .xyz ko blogspot.com, to rufe abinka. Ƙarshe, jama'a, ƙarshen sunan. Shi kuma ɗan kwaɗon nan ko https da ake cewa alamar tsaro ce, abin da yake nufi kawai wani ba zai leƙa saƙonka a hanya ba, ɓarawo ma yana iya saka shi a shafinsa. Kuma ni dai a ganina duk shafin da ya ce sai ka tura wa guruf biyar kafin kuɗi su shigo, ko ya nemi lambar OTP da banki ya turo maka ko lambobin bayan katin ATM, ba sai ka tambayi kowa ba. Ku kuma iyayenmu masu tura duk abin da ya shigo da "a yaɗa saboda Allah", don Allah a rage, ku ake yarda da ku shi ya sa yara ke dannawa.

Saura minti ɗaya. Wani daga Zariya ya ce maƙwabcinsa ya canja lambar sirrin Wi-Fi, ko akwai dabarar shiga? Akwai Malam, ka danna *312# ka sayi data. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.