Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Injiniyan Lantarki

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Yau muna tare da injiniyan lantarki a ɗakin shirye-shirye. Injiniya, barka da zuwa. Wasiƙar farko daga Zariya take, wani ɗan ajin ƙarshe a sakandare yana tambaya: wace hanya ake bi a zama injiniyan lantarki, kuma me ya raba shi da mai wayarin?

Injiniya: Barka kadai, Malam. A Najeriya karatun shekara 5 ne a jami'a, a ciki akwai wata 6 na sanin makamar aiki. Bayan kammala jami'a, sai mutum ya tara aƙalla shekara 4 yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, sannan ya nemi rajista a hukumar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa a 1970. Mai babbar difiloma ma tana yi masa rajista, amma a wani rukuni daban. Mai wayarin shi ke jan waya ya ɗaura soket. Injiniya shi ke lissafa nauyin da gini zai ja, ya zaɓi kaurin waya da girman bireka, ya gwada, ya sa hannu. In gobara ta tashi, sa hannunsa za a nema. Ɗana, ka riƙe lissafi da kyau, kuma in hutu ya zo ka bi masu wayarin. Wanda bai taɓa fere waya da hannunsa ba, zanensa kan ba ma'aikata wahala.

Mai gabatarwa: Sai wata baiwar Allah daga Katsina. Ta ce ranar nan an kawo wuta, firji da talabijin na gidaje da dama a layinsu suka ƙone, alhali maƙwabta na kukan wutarsu ba ƙarfi. Ta ce in an kira injiniya, me yake dubawa?

Injiniya: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Wannan alamar tsinkewar nutural ce. Taransifomar unguwa tana karɓar bolt 11,000 ta sauke shi, ta fitar da waya huɗu: uku masu wuta, ɗaya nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin mai wuta da nutural bolt 230 ne, shi ke shiga gida. Tsakanin masu wuta biyu kuwa kusan 400 ne. In nutural ta tsinke, ko ɓarayi sun yanke ta a gindin taransifoma, ko mahaɗa ta ci tsatsa, sai gidajen da ke layi daban-daban su koma suna raba 400 ɗin nan a tsakaninsu. Rabon kuma ba na adalci ba ne: gidan da ya kunna kaya kaɗan shi ke kwasar kaso mafi tsoka. Shi ya sa za ki ga ƙwan ɗakinki ya yi fari fat kamar zai fashe, na maƙwabciyarki ya koma ja kamar garwashi. Da kin ga haka, ki kashe babban makunnin gida nan take, kada ki tsaya cire kaya ɗaya-ɗaya.

Injiniya in ya zo, ma'auni zai fara ɗauka. Zai auna kowane layi da nutural, sannan ya maƙala ma'aunin amfiya, wato yawan wutar da ake ja, a kowace waya. Taransifoma mai girman kVA 500 tana ɗaukar kusan amfiya 700 a kowane layi. In ya tarar ɗaya na jan 650, ɗaya 200, to an jibge gidaje a layi guda, dole a sake rabo, domin rarar ta nutural take bi tana gasa ta. Wurin da ya fi cin amana shi ne inda wayar alminiyam ta haɗu da ta jan ƙarfe. In an murɗe su kawai ba a sa mahaɗin da aka yi domin haka ba, damina ɗaya ko biyu sai wurin ya yi farin gari, ya yi zafi, ya saki.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Sakkwato. Matashi ne da ya samu aiki a kamfanin rarraba wuta, yana so ya san abin da ya fi hallaka ma'aikata.

Injiniya: Ƙanena, zato ne. A ce maka an kashe layi, kai kuma ka hau falwaya. Ƙa'idar ba ta canzawa: ka raba layin daga tushe, ka sa kwaɗo ka riƙe makullin a aljihunka, ka karɓi takardar izinin aiki, ka gwada layin da na'urar da ka riga ka tabbatar tana aiki, sannan ka ɗaure shi da wayar ƙasa, mai zubar da wuta cikin ƙasa, ta ɓangarori biyu na inda za ka tsaya.

Dalilin ɓangare na biyun shi ne janareta. Mai gida ya tayar da injinsa ba canjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar kamfani da ta inji, don haka bai raba gidansa da layin kamfani ba. Bolt 230 ɗinsa zai koma baya ya shiga taransifoma, ita kuwa ba ruwanta da inda wuta ta fito, sai ta ɗaga shi zuwa dubbai a kan wayar da kake riƙe da ita. Inbatar sola da aka haɗa ba daidai ba ma haka take yi. Don Allah masu gidaje, ku sa canjoba, ran ɗan wani ne a saman falwayar nan. Kai kuma, ko ogan ya matsa maka a kan mutanen unguwa sun taru suna jira, kada ƙafarka ta taka tsani sai ka ga wayar ƙasa a ɗaure da idonka.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Akwai wasiƙu biyu a kan batirin sola, su za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.