Kantin lakkwal da tamowa: wane yaro tukunyar take iskewa?

[Hoto: farfajiyar firamare, ƴan makaranta a layi, kowa da kwanonsa]

Saƙon yana ta yawo a WhatsApp, wataƙila ya shigo wayarku. Wai da za a buɗe kantin, wato dafa wa ƴan makaranta abinci, a kowace lakkwal ta jihar Maraɗi, daga Dakoro har Madarunfa, da tamowa ta kau. Masu turawa da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai akwai wurin da lissafin ya goce.

Kantin dai kun san shi. Gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya, PAM, su kawo hatsi ko shinkafa da wake da mai da gishiri, iyaye su kawo itace da ruwa, mata su ɗora tukunya. Yaron da ya taho daga ƙauye da ƙafa ba zai koma gida da rana don cin abinci ba, balle ya ƙi dawowa da marece. Wanda ya ƙoshi kuma yana jin abin da mushe ke faɗa. Wannan ba gardama.

[Hoto: kamara ta bar layin, ta tsaya kan goyon da ke bayan mai dahuwa]

To, ku bar kallon layin. Ku dubi wannan da ke goye. Shi ne maganarmu.

Yaro yana shiga aji na farko yana da shekara 6 ko 7. Tamowar da ke kisa kuwa ta fi kama ƴan wata 6 zuwa shekara 5, kuma mafi yawansu ba su cika shekara 2 ba. Ma'aikatan lafiya suna maganar kwanaki 1000: kusan 270 a cikin uwa, sai 365 sau biyu bayan haihuwa. A nan ƙwaƙwalwa da ƙashi suke girma da saurin da ba za su sake yi ba. In abinci ya gaza a wannan tsakani, ko zawo da masassarar cizon sauro suka yi ta kayar da yaro, sai ya tsumbure. Tsumburewar nan da wuya take gyaruwa daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da wannan goyon zai riƙe kwano a layin can, an yi shekara 4 ko 5 da wucewar kwanakin nan.

[Rubutu a fuska: Oktoba zuwa Yuni, karatu. Yuli zuwa Satumba, hutu]

Ga kuma kalanda. Yaushe rumbu yake ƙarewa? Da damina, kafin sabon hatsi ya nuna. Lokacin ne sauro yake yawa, lokacin ne gadajen yara suke cika a likita. Lakkwal fa? Tana hutu, tukunya a kife.

[Hoto: tsofaffin hotunan tantunan jinya]

Maraɗi ta san wannan tun 2005, shekarar da tsadar hatsi ta biyo bayan fari da farar 2004. Ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, MSF, ta yi jinyar dubban yara a nan, akasarinsu suna gidajensu, uwa tana zuwa karɓar rabon mako. Waɗanda aka auna a tantunan nan ƴan goye ne da ƴan yaye.

[Hoto kusa: hannu yana zagaya damtsen yaro da tsirin awo]

A hankali nan, don wannan ne abin da nake so ya zauna. Tsirin awo mai launi uku ake zagayawa a hannun hagu na yaro, tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a matse, kada a sake. Kore, lafiya lau. Rawaya, ƙasa da milimita 125 ke nan, a kai shi a duba. Ja, ƙasa da 115, yau ɗin nan za a tafi likita, ba sai ranar kasuwa ba. Sannan ki danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu, ki ƙirga uku. In kin ɗaga kika ga rami ya zauna, kumburi ne, ko da tsirin ya nuna kore. Kakanni kan ce yaro ya yi ƙiba. Ruwa ne.

Wanda yake iya cin abinci, a ba shi ledar nan ta Plumpy'Nut: gujiya da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, giram 92, ba dahuwa ba haɗawa da ruwa. Wanda ya ƙi ci ko yake da wata cuta a kai, sai kwanciya a CRENI, wato sashen likita da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani.

Wata ƴar magana ga yayye da iyaye maza. Na sani, ledar nan ta Plumpy'Nut tana da daɗi. Amma magani ce, an ƙirga ta daidai nauyin mai ita. Ganinta a faifan mai talla yana ɓata mini rai ƙwarai.

[Hoto: ƴan mata a aji na shida]

Shin kantin ba ruwansa da tamowa ke nan? Da ruwansa, amma ta doguwar hanya. A Nijar, kusan mata 3 cikin 4 ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma Maraɗi tana sahun gaba. Yarinyar da jikinta bai gama girma ba, in ta ɗauki ciki, sau da yawa jaririn ƙarami yake zuwa, kwanakinsa 1000 sun fara da gibi. Uban da ya san ƴarsa tana samun abinci a lakkwal ya fi saurin barin ta ta ƙara shekara. A ganina, babban aikin tukunyar can ke nan.

[Hoto: masu dahuwa suna kwashe abinci]

In kana cikin kwamitin iyayen yara, ga abin da za ka iya kawowa a taro na gaba. Matan da ke dahuwa kusan kowace da goyonta. A roƙi ma'aikacin lafiya na kusa ya zo da tsirin awo, ya koya musu a nan gindin murhu, ya nuna musu kunun yaye da ƙuli-ƙuli ko garin wake, ya tuna musu nono zalla har wata 6. A yi shi kafin Yuni, tun ba a rufe lakkwal ba.